Wa Ke Riƙe da Takardarka?

Alhazanmu sun san Misfala, sun san Shara Mansur inda mutum zai ci tuwo da miyar kuka ya yi ciniki da Hausa tsantsa. Kaɗan ne daga cikinsu suka taɓa jin labarin Shara'i, can gabashin Makka a kan hanyar da ke fita Ɗa'ifa, inda filin wasa na Sarki Abdul'aziz yake. Nan ne gidan Al-Wehda, kulob ɗin mutanen Makka, wanda shi ya fara ɗaga Kofin Sarki a 1957. A wannan filin ne Cristiano Ronaldo ya zura musu ƙwallo huɗu shi kaɗai ranar 9 ga Fabrairun 2023. Wata shida bayan haka, a Agusta, kulob ɗin ya ɗauko ɗan Najeriya Odion Ighalo, yana da shekara 34 a duniya.

Ƙannena masu sammakon zuwa fili da takalmi rataye a wuya, ku da kuke cika gidan kallo ranar Asabar, hanyar da ta kawo wannan bawan Allah kulob ɗin Makka nake so mu bi tare. Doguwa ce, amma shekara ɗaya a cikinta ta fi tsaya mini a rai, wato wadda ya yi zaman aro a Manchester United. Duk mai mafarkin fita waje taka leda da wuya ya tsallake irin wannan zama, kuma yawancinku ba ku san yadda ake ƙulla shi ba.

A Ajegunle ta Legas Ighalo ya tashi. Ya fita zuwa Lyn ta Norway a 2007, shekara ta zagayo Udinese ta Italiya ta saye shi, daga nan kuma sai yawon aro: Granada, Cesena, Granada kuma, sannan Watford a 2014. Ku lura da wani abu a nan. A lokacin, Udinese da Granada da Watford duk suna hannun gida ɗaya ne, gidan Pozzo, saboda haka daga wannan aljihu ake ciro shi a sa a wancan. Aron Watford ya zama na dindindin cikin 'yan watanni, ya ci ƙwallo 20 ya taimaka musu suka hau Firimiya, ya ƙara 15 a kakar da ta biyo. A Janairun 2017 Changchun Yatai ta ƙasar Sin ta biya kimanin fam miliyan 20 ta ɗauke shi, a 2019 ya koma Shanghai Shenhua. A shekarar ne kuma ya fi kowa cin ƙwallo a gasar cin kofin Afirka da aka yi a Masar, da guda biyar.

Sai ga Janairun 2020. Marcus Rashford ya ji ciwo a baya, United ta rasa mai ci mata ƙwallo, ga kasuwar 'yan wasa tana shirin rufewa. A daren ƙarshe, 31 ga wata, aka ƙulla aron Ighalo daga Shanghai. Jaridun Ingila sun ruwaito cewa albashinsa a Sin ya kai fam 300,000 a mako, kuma United wani kaso kawai za ta iya biya. Shi da bakinsa ya ce ya gaya wa wakilinsa bai damu da ko nawa za a rage ba, a dai ƙulla. Tun yana yaro yake goyon bayan United, har kuɗi yake tarawa ya biya a gidan kallo don ya gan su, irin yadda kuke yi yau. Ya zama ɗan Najeriya na farko da ya buga wa babbar tawagarsu. Saboda daga Sin ya fito a farkon korona, sai da ya yi kusan mako biyu yana atisaye shi kaɗai kafin a bar shi ya haɗu da sauran.

Ya fara da ƙafar dama. Ya ci Club Brugge, ya ci Derby biyu, ya ci LASK ta Ostiriya wata ƙwallo da har yau ake sake kallonta. Nan fa hira ta kaure daga Legas har Kano: za su saye shi ne ko ba za su saya ba? Aron zai ƙare a ƙarshen Mayu, ga annoba ta tsayar da wasa. Rahotanni suka ce Shanghai ta miƙa masa sabon kwantiragi na fam 400,000 a mako don ya dawo. A ranar 1 ga Yuni aka sanar an tsawaita aron zuwa ƙarshen Janairun 2021, magoya baya suka yi ta murna. Da aka dawo wasa Rashford ya warke. A Oktoba aka kawo Edinson Cavani. A sabuwar kakar gaba ɗaya wasa huɗu kacal Ighalo ya buga. Ya bar Old Trafford da wasa 23 da ƙwallo biyar, babu ko ɗaya a Firimiya, kuma babu wanda ya sake tayar da zancen saye.

Ban ga laifinsa ba, kuma ba na cikin masu cewa ya yi wauta da ya bar kuɗi ya bi son ransa. Mutum ne mai shekara 30 wanda ya riga ya tara, har ya gina gidan marayu a Ijegun tun 2017, ga kuma kwantiraginsa na Shanghai yana jiransa ko da abin ya ƙi. Yana da halin sayen mafarkinsa, ya kuma saya ido buɗe. Abin da nake so ku gani shi ne ɓangaren United. Tun ranar farko, kamar yadda aka ruwaito, babu sharaɗin saye a cikin takardar. Buƙata ce ta taso musu ta 'yan watanni, suka nemi mai toshe ta. Maƙwabciya takan ari turmi ranar biki, ta yi ta yaba kyansa tana daka, amma da taro ya watse sai ta aiko yaro ya mayar, kuma babu wanda zai ce ta ci amana. Ko da Ighalo ya ci ƙwallo goma, lissafin shekarunsa da kuɗin da Shanghai za ta nema da albashin da zai karɓa bai sauya ba.

To bari mu buɗe cikin abin. Zaman aro yarjejeniya ce ta mutum uku: kulob mai ɗan wasa, kulob mai ara, da shi ɗan wasan, wanda dole sai ya sa hannu. Rajistarsa takan koma sabon wuri na ɗan lokaci, amma asalin kwantiraginsa yana nan a hannun na farko. A cikin takardar ake faɗin wanda zai biya albashi da kason kowa, da kuɗin aro idan akwai. Maganar saye kuma iri uku ce. Akwai aron da babu zancen saye ko kaɗan. Akwai wanda aka rubuta farashi aka bar wa mai ara zaɓi, in ya ga dama ya saya, in bai ga dama ba ya mayar. Akwai kuma wanda sayen ya zama dole, wani lokaci kai tsaye, wani lokaci sai an cika sharaɗi, kamar ɗan wasa ya buga wasanni kaza ko kulob ya tsira daga faɗawa gasar 'yan dagaji. A wannan na ƙarshen an sha ganin yaro yana wasa lafiya lau, da ya kusa cika adadin sai ya tsinci kansa a benci ba tare da ya san laifinsa ba. Bai yi laifin komai ba, akawun kulob ne ya duba littafi.

Saboda haka idan wani ya ce maka "je ka nuna kanka, in ka yi ƙoƙari za su riƙe ka", tambayarka ta farko ita ce a wane layi aka rubuta hakan, kuma nawa ne farashin. Zaɓin saye ma, ku sani, zaɓin kulob ne. Kai ba ka da ikon tilasta shi.

Namu na gida, Ahmed Musa, ya ɗanɗana aro ta fuskar da ta fi daɗi. Da aro ya zo Kano Pillars yana matashi, ya ci ƙwallo 18 a kakar 2009/2010, abin da ya buɗe masa ƙofar VVV-Venlo ta Holan, daga nan CSKA Moscow. A 2016 Leicester, tana riƙe da kofin Firimiya, ta biya kimanin fam miliyan 16 a kansa. Har Barcelona ya ci biyu a wasan share fage. Amma da aka shiga gasa abin ya ƙi, aka kori Claudio Ranieri da ya kawo shi a Fabrairun 2017, waɗanda suka biyo baya kuma ba su da shi a lissafi. A Janairun 2018 ya karɓi aro ya koma CSKA, inda ya san gari, ya san abokan wasa, kuma ya tabbata za a sa shi. Ya dawo da ƙarfinsa a daidai lokacin da ake buƙata, ya ci Iceland biyu a Volgograd ranar 22 ga Yuni a gasar cin kofin duniya. Kulob ɗin da ya saye shi a Agusta kuwa ba CSKA ba ce, Al-Nassr ce ta Riyad, inda ya ɗaga kofin gasar Saudiyya a kakarsa ta farko. Wato aron ya yi masa aikin da ake so aro ya yi, ya fito da shi fili masu saye suka gani. Duk da haka, ku tuna da ya bar Al-Nassr a Oktoban 2020 da niyyar komawa Turai, sai da ya yi wajen wata shida ba shi da kulob, kafin ya dawo Pillars a Afrilun 2021. Kyaftin ɗin Super Eagles na lokacin ke nan, balle wanda ba a san sunansa ba.

Umar Sadiq na Kaduna ya ga ɗaya fuskar. Roma ce ke riƙe da takardarsa, ta tura shi Bologna, Torino, NAC Breda, Rangers, Perugia, sannan Partizan ta Sabiya: kulob shida a ƙasa huɗu cikin shekara uku da ɗoriya, kowane wuri da sabon koci da sabon yare. Sai a Partizan ya samu waɗanda suka ce wannan namu ne, suka saye shi, daga nan ƙwallaye suka fara zuwa har Almería da Real Sociedad suka neme shi. Ƙafar da ya je da ita Glasgow wurin Rangers ita ya je da ita Belgrade wurin Partizan. Abin da ya bambanta shi ne a Partizan an sa shi wasa a jere.

Kada ku ɗauka mu kaɗai abin yake ci. A Janairun 2018 hukumomin wasannin Saudiyya suka ƙulla da gasar Sifaniya aka tura 'yan wasansu tara zaman aro, wai su goge kafin kofin duniya. Taurari ne a gida, masu albashi mai tsoka. Salem Al-Dawsari ya buga wa Villarreal wasa ɗaya tak a gasar, Fahad Al-Muwallad ya shiga sau biyu a Levante, Yahya Al-Shehri kuwa ko minti ɗaya bai samu a Leganés ba. Manya ne suka shirya abin a ofis, kocin da ke zaɓen 'yan wasa goma sha ɗaya bai ce yana buƙatarsu ba. Kyaftin ɗinsu a wannan kofin duniyar, Osama Hawsawi, haifaffen Makka ne wanda ya fara a Al-Wehda, kuma sunan gidansu ya isa ya gaya muku daga inda kakanni suka taso. Shi ma ya gwada Turai, ya je Anderlecht ta Beljiyam a 2012, bai jima ba ya dawo gida ya shiga Al-Ahli ta Jidda. Kafin ka yarda da kowane aro, ka san wa ya nemi a kawo ka. In koci ne, kana da mai tsaya maka, aƙalla har ranar da za a kore shi. In shugaban kulob ne da dillali suka shirya a kan teburin shayi, ka tafi da bargo, bencin Turai da sanyi.

Mu koma ga Ighalo. Sin ɗin da ya baro ba ita ya tarar ba. Hukumar ƙwallonsu ta ƙayyade albashin baƙi, kamfanonin da ke zuba kuɗi suka fara janyewa, har Jiangsu da ta ci gasar 2020 ta rufe ƙofa a Fabrairun 2021, wata uku bayan ɗaga kofi. A wannan watan Ighalo ya koma Al-Shabab ta Riyad, bayan shekara guda Al-Hilal ta ɗauke shi. Ya fi kowa cin ƙwallo a gasar Saudiyya ta 2021/2022 da guda 24, ya ɗaga kofin gasar, kulob ɗinsa ya kai wasan ƙarshe na kofin duniya na kulob-kulob a Maroko inda Real Madrid ta doke su 5-3, sannan suka ci Kofin Sarki a Mayun 2023 da bugun fanareti, a kan wa? A kan Al-Wehda. Wata guda bayan haka asusun zuba jari na gwamnatin Saudiyya ya karɓi kashi 75 cikin ɗari na Al-Hilal da Al-Nassr da Al-Ittihad da Al-Ahli. Kuɗi suka shigo kamar ruwan Agusta, Al-Hilal ta kawo Neymar da Aleksandar Mitrović da wasunsu, gurbin baƙi kuma ƙidayayye ne. Gwarzon ƙwallayen bara waccan ya tattara kayansa ya nufi kulob ɗin da ya doke. Kaka biyu ya yi a can, a ƙarshen ta biyun, a 2025, Al-Wehda ta faɗa rukuni na ƙasa.

Na san abin da wasunku za su ce: Yaya, ai ko faɗuwar Ighalo ta fi tashinmu. Gaskiya ne, kuma shi ya sa nake jin tsoro a kanku fiye da shi. Shi yana da lauya da wakili mai lasisi, duk inda ya je kwantiragi na gaba da shi. Kai kuwa abin da ke zuwa maka shi ne wani mai babbar waya da hotunan da ya ɗauka da 'yan wasa, ya ce akwai kulob a Saudiyya da ke neman ɗan gaba, a kawo kuɗin biza da na jirgi, za a shiga da bizar Umara, in an sauke ibada sai a wuce gwaji. Tsohuwa ta sayar da tumakinta, baba ya jinginar da gona, ana ta sa albarka saboda an ji sunan Makka. To ku ji da kyau. Bizar Umara ba ta halatta aiki, ƙwallo kuma aiki ne. Ranar da wa'adinta ya cika ka zama mai laifi a idon hukuma, ba ka da iƙama, ba ka da kafili, kana ganin askarawa gabanka na faɗuwa. Ƙarshenta Shumaisi, wurin tsare waɗanda za a mayar gida da ke tsakanin Makka da Jidda, sai jirgi, sai hani na shiga ƙasar. Ka tafi neman riga mai lamba tara, ka dawo ko Umarar gaba ba ka da tabbacin samu.

Kulob na gaske ba ya karɓar kuɗi a hannun ɗan wasa don ya gwada shi. Yakan aiko takardar gayyata da sunansa da hatiminsa, kuma kana iya sa wanda ya iya Larabci ko Turanci ya tuntuɓi ofishinsu kai tsaye, ba ta lambar da dillalin ya bayar ba. Duk musayar ɗan wasa tsakanin ƙasa da ƙasa tana bi ta na'urar rajista ta FIFA, kuma sai hukumar ƙwallon ƙasarku ta saki takardar izinin sauya sheƙa kafin a yi maka rajista a can. Idan ba ka kai shekara 18 ba, dokar FIFA ta hana a fitar da kai wata ƙasa buga ƙwallo, sai a wasu 'yan yanayi ƙalilan, kamar iyayenka su yi ƙaura saboda dalilin da bai shafi ƙwallo ba. Wanda ya ce zai gyara maka shekaru don a tsallake wannan, ya riƙe wuyanka ke nan har ka daina wasa, domin ya san sirrin da zai iya rusa ka da shi.

Game da aro kuwa, tun Yulin 2022 FIFA ta ɗaure shi da sababbin ƙa'idoji. Dole a rubuta yarjejeniya da ta fayyace tsawon lokaci da kuɗi. Aro ɗaya ba ya wuce shekara guda, sai dai a sabunta da yardar ɗan wasa. Wanda ya are ka ba shi da ikon ya ara wa wani kai. An kuma rage yawan 'yan wasan da kulob zai iya turawa aro ƙasashen waje a lokaci guda, daga takwas zuwa bakwai, zuwa shida tun Yulin 2024, don a rage masu tara yara kamar haja. Waɗannan dokoki dominku aka yi su, amma ba sa aiki ga wanda bai riƙe kwafin takardarsa ba. Abin kunya ne a ce mu da muka tashi muna jin cewa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, mu ne kuma ke jin nauyin cewa "Alhaji, a ba ni nawa kwafin." Kunya adon yaro ce a gaban manya, amma ba a wurin sa hannu ba. In takardar da Larabci take, kada ka sa hannu sai wanda ka yarda da shi, wanda ba ya cin komai a cinikin, ya karanta maka ita layi-layi.

Kada kuma sunan ƙasa mai tsarki ya sa ku zaci kowane kulob a can waliyyi ne. A 2022 ƙungiyar 'yan ƙwallo ta duniya, FIFPRO, ta fitar da gargaɗi kan ƙasashen da aka fi samun matsalar rashin biyan albashi da saɓa kwantiragi, kuma Saudiyya na ciki, tare da Sin da Turkiyya da Aljeriya da Libiya da Romaniya. Miliyoyin da kuke ji a rediyo na manyan kulob ne 'yan ƙalilan. A ƙasa da su akwai inda ake bin albashi wata da watanni.

In hakan ta same ka, kada ka yi fushi ka haɗa jaka ka bar gari, domin sai a juya maganar a ce kai ka karya yarjejeniya, a nemi diyya a wurinka. Kada kuma ka daina zuwa atisaye. Dokar ta ce idan an riƙe maka albashin wata biyu, ka rubuta wa kulob takardar gargaɗi ka ba su aƙalla kwana 15 su biya. Ka aika ta hanyar da za ta bar shaida, ka adana kwafi, ka adana takardun banki da ke nuna ranar da kuɗi suka daina shigowa. In wa'adin ya cika ba su biya ba, kana da hujjar raba gari da su, kuma kana iya kai ƙara sashen sasanta rikici na kotun ƙwallo ta FIFA ka nemi haƙƙinka da diyya. Fasfonka ya zauna a hannunka tun ranar da ka sauka, kada ka miƙa wa kowa da sunan ajiya. Kuma kada a yi ta lallaɓa ka da "bukra in sha Allahu" har lokaci ya ƙure, domin kotun ba ta sauraron ƙarar da ta wuce shekara biyu daga ranar da abin ya faru.